Ruwan da Ya Gurɓace: Sanƙarau, Garkuwar Jiki da Ƙwaƙwalwar 'Ya'yan Adar

Daga watan Janairu, in hunturu ya kankama a Tawa ta Nijar, ƙura kan yi wa gari rumfa. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, yara su yi ta tari. Ma'aikatan lafiya na Adar, tun daga babban asibitin jiha har ƙananan likitocin Kalfu da Barmu da Tamaske da Afala, sun san baƙon da wannan lokaci kan kawo, sun kuma san ba ya tafiya sai ruwan farko ya sauka.

Ga yadda abin kan kasance. A kawo yaro jikinsa rau da zazzaɓi, yana amai, yana kau da kai daga haske. Majo, wato ma'aikacin jinya, ya kwantar da shi rigingine, ya sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyarsa, ya gwada ɗaga kan don haɓa ta taɓa ƙirji. Wuya ya ƙi. Wani lokaci ma gwiwoyin yaron su lanƙwashe da kansu. In jariri ne, maɗiga ake shafawa a ji ko ta kumbura. Daga nan a juya shi kan gefe, a naɗe shi har gadon baya ya fito, a soka doguwar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare, a tari ruwan da ke ɗigowa. Na lafiyayye garau yake fitowa. Na mai sanƙarau kuwa fari-fari ne, gurɓatacce, wani sa'in har da kauri.

Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai abin da ya gurɓata wannan ruwa ba shi ne wanda yawancinmu za mu zata ba. Ƙwayoyin cutar suna ciki, gaskiya ne, amma akasarin abin da ido ke gani fararen ƙwayoyin jinin yaron ne da kansa. A ruwan lafiyayye da ƙyar a ƙirga biyar cikin ɗan mitsitsin ma'aunin da ake kira maikurolita. A na mai sanƙarau sukan kai dubbai. Ba su saba zuwa wurin ba, kiran su aka yi. Cikin manyan masu kiran akwai wani guntun furotin mai suna C5a, ɗaya daga wani rukuni na furotin da ke yawo a jinin kowa. Rukunin nan ne ke hana sanƙarau kashe mu gaba ɗaya, shi ne kuma ke da hannu a ɓarnar da ake bar wa ƙwaƙwalwar wanda ya tsira. Shekaru ashirin ɗin nan kuma an gano yana wani aiki a cikin ƙwaƙwalwa da babu wanda ya yi tsammani.

Masu huda bangon ƙwayar cuta

A 1895 wani matashin likita ɗan Beljiyam, Jules Bordet, yana aiki a Cibiyar Pasteur ta Faris, ya lura cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafin kwalara yana narkar da ƙwayar kwalara, amma da zarar an ɗumama shi sai ya daina. In aka ƙara masa ɗan sabon ruwan jini, ko da na dabbar da ba a yi wa rigakafi ba ne, sai ƙarfin ya dawo. Ke nan abu biyu ne ke aikin: ɗaya mai gane abokin gaba, wato antibodi, ɗaya kuma mai kisan, wanda zafi ke lalatawa. Na biyun aka sa wa suna kwamfilimen, Bordet kuma ya samu kyautar Nobel ta 1919.

Yau an san furotin ne sama da 30, hanta ce ke ƙera mafi yawansu, suna yawo a jini ba su taɓa kowa har sai an tayar da su. Na farko, C1q, shi ke gane antibodin da ya manne wa ƙwayar cuta. Ya tayar da C4 da C2, su kuma su tsaga C3, gutsuren C3 ya manne a jikin ƙwayar ya zama alama. Duk abin da ke ɗauke da wannan alama, fararen ƙwayoyin jini haɗiye shi suke yi. Sai a zo kan C5, wanda ke rabuwa biyu. Ƙaramin ɓangaren, C5a, ya bazu yana kiran fararen ƙwayoyin jini yana sassauta bangon jijiyoyin jini don su wuce. Babban ɓangaren ya tara C6 da C7 da C8 da tarin C9, su yi zobe, su huda bangon ƙwayar cutar, ta fashe.

Ƙwayar sanƙarau irin ta annoba, meningokok, bangonta na waje siriri ne, zoben nan yana cin ta sosai. Shi ya sa ake iya samun kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a maƙogwaro, yana cin kasuwarsa lafiya lau. Ko ta ɓulla cikin jini, ba ta daɗewa. Hujjar tana wajen waɗanda aka haifa babu ɗaya daga furotin ɗin zoben: haɗarin kamuwarsu ya ninka na sauran mutane sau dubu ko fiye, kuma cutar kan yi ta dawo musu. A yankin Kef na Afirka ta Kudu an samu iyalai da dama da ba su da C6, ta hanyar yaran da sanƙarau ke maimaita wa aka gano su. Abin da ya ba likitoci mamaki shi ne, irin waɗannan mutane sun fi kamuwa, amma sau da yawa cutar ba ta yi musu mugun kamu kamar yadda take yi wa mai cikakkiyar garkuwa. Tun daga nan aka fara zargin cewa wani kaso na ɓarnar daga cikin gida take.

Ƙwayar ma ba ta zauna haka nan ba. Tana da rigar sukari da take lulluɓa da ita, irin rigar ce ma ke raba ta gida-gida: A, B, C, W, X, Y. Tana kuma da wata dabara. Jikinmu yana da furotin mai suna fakta H, wanda aikinsa ya hana kwamfilimen afka wa ƙwayoyin jikinmu. Meningokok kan fizgo shi daga jini ta yafa, sai a ɗauke ta 'yar gida. Wani babban bincike da aka buga a 2010 ya nuna bambancin gado a ƙwayar halittar fakta H yana cikin dalilan da wani ke kamuwa wani ya tsira.

Abu biyu a nan sun shafi Adar kai tsaye. Na farko ƙura. Masu bincike na CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, da takwarorinsu na Jami'ar Libaful sun haɗa lissafin masu sanƙarau na Yamai da na yanayi, suka wallafa a 2017 cewa cutar na bin sawun ƙura da tsananin zafi. A gwajin ɓeraye kuma suka ga ƙura da zafi suna sauƙaƙa wa ƙwayar numokok, ɗaya babbar mai kawo sanƙarau, ratsawa daga hanci zuwa cikin jiki. Na biyu abinci. Hanta ba ta ƙera furotin da iska, kuma tun shekarun 1970 aka auna aka ga C3 da 'yan uwansa suna raguwa a jinin yaron da tamowa ta kama, su dawo in ya murmure. Ba wai yunwa ce ke kawo sanƙarau ba, yakan kayar da ƙosasshen saurayi ma. Amma ƙasar da ta ga yunwar 2005 ta ga ta 2010 ta san yawan yaran da ke shiga bazara da jiki a raunane. A ƙara da masu amosanin jini: numokok bangonta mai kauri ne, zobe ba ya huda ta, sai dai a yi mata alamar C3 saifa ta tace ta, su kuwa saifarsu tun suna ƙanana take mutuwa.

Abin da aka gani a Zariya

Mai jin sunaye irin su C3 da C5a zai ɗauka zance ne na ɗakunan binciken Turai. Alhali ɗaya daga ayyukan farko kan wannan batu a ƙasar Hausa aka yi shi. A shekarun 1970 Brian Greenwood da Hilton Whittle suna aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kowace bazara ɗakunansu na cika da masu sanƙarau. A 1976 su biyun da abokin aikinsu I. I. Onyewotu suka buga sakamakon awon C3 a jinin marasa lafiya 211. Waɗanda cutar ta tsaya musu a tantanin ƙwaƙwalwa, C3 ɗinsu ya ma fi na lafiyayyu yawa. Amma mutum 13 da ƙwayar ta mamaye jininsu, nasu ya faɗi warwas, alamar cewa an ƙone shi cikin ɗan lokaci, 9 daga cikinsu kuma suka rasu sakamakon rushewar bugun jini. Marubutan suka ce mai yiwuwa tashin kwamfilimen ɗin ne da kansa ya taimaka wajen kayar da su.

Sun kuma bi wani abu da iyaye mata da yawa sun gani da idonsu. Yaro ya fara samun sauƙi, zazzaɓi ya sauka, har an fara godiya, bayan 'yan kwanaki sai gwiwa ta kumbura ko gyambo ya fito a fata. Ƙwayar ta riga ta mutu. Tarkacenta ne ya haɗu da antibodi ya taru a gaɓoɓi da jijiyoyin fata, kwamfilimen ya bi shi can. A daidai lokacin ne suka ga C3 ya sake yin ƙasa a jinin da yawa daga cikin irin waɗannan marasa lafiya.

A cikin ƙoƙon kai lamarin ya fi muni, saboda dalili biyu. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kusan babu kwamfilimen a cikinsa, babu antibodi na a zo a gani, don haka ƙwayar da ta samu shiga takan hayayyafa ba mai tsawata mata. Kafin garkuwar jiki ta iso, ta yi yawa, martanin kuma sai ya zo da ƙarfin da ya wuce kima. Dalili na biyu, ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Ƙafa in ta kumbura tana da wurin zuwa. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi. Fararen ƙwayoyin jinin da C5a ya kira suna zubar da guba don kashe ƙwayar cuta, gubar ba ta tantance nama. Ƙananan jijiyoyin jini su toshe, wani yanki ya rasa jini, hannu ko ƙafa ta shanye. Kumburin ya bi wata 'yar kafa ya gangara cikin kunne, ji ya tafi. Wani abin takaici, allurar da ke ceton rai ita ma takan ƙara wutar na ɗan lokaci, don ƙwayoyin da ta farfasa tarkacensu ne ke ƙara harzuƙa jiki.

A 2011 ƙungiyar Diederik van de Beek ta Amsadam ta nuna cewa masu sanƙarau na numokok da ke da C5a mai yawa a ruwan bayansu sun fi shiga mugun hali, ɓerayen da aka toshe wa C5 kuma sun fi tsira. To me zai hana a kwantar da garkuwar jikin kawai?

An gwada, kuma sakamakon ya kamata ya sa kowa ya yi taka-tsantsan. A Turai, gwajin da aka buga a 2002 kan manya 301 ya nuna maganin rage kumburi deksametazon, in an ba da shi tare da allurar farko, ya rage mutuwa daga kashi 15 zuwa kashi 7 cikin ɗari. A Bulantaya ta Malawi aka gwada maganin nan a kan yara kusan 600 a 2002, aka sake a kan manya a 2007, bai yi amfani ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya, amma marasa lafiyan ba ɗaya ba ne: na Malawi sun iso a makare, da yawa da tamowa ko ƙanjamau. Wanda aka ɗauko a amalanke daga wani ƙauyen arewacin Keita bayan kwana biyu yana suma ya fi kama da na Malawi.

Haka aka yi da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ƙwaƙwalwa, wanda ke karɓar aiki daga hannun sanƙarau da damina ta yi nisa. A Gambiya an gano yaran da ke da furotin ɗin garkuwa mai suna TNF da yawa a jini sun fi mutuwa. Sai aka ƙera maganin da ke toshe shi aka gwada a kan yara sama da 600. Sakamakon da ya fito a 1996: mutuwa ba ta ragu ba, naƙasar ƙwaƙwalwa ma ƙaruwa ta yi. Daga baya masu bincike a Toronto suka nuna ɓerayen da ba su da C5 suna tsallake irin wannan zazzaɓi, hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauki yara a Bulantaya kuma ya nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke tsayar da numfashin akasarin masu mutuwa. Duk da haka abin da ya rage yawan yaran da ke kaiwa wannan mataki a jihar Tawa ƙwayoyi ne masu araha da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara wata-wata da damina, shirin da Madawa da Buza ke cikin wuraren da aka fara shi a 2013.

Sassabe a cikin ƙwaƙwalwa

Har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce, ana koyar da ɗaliban likita cewa ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ba sa shiga harkar juna sai in cuta ta haɗa su. A 2007 Beth Stevens da malaminta Ben Barres na Jami'ar Sitanfod suka nuna ba haka ba ne. A ƙwaƙwalwar jaririn ɓera lafiyayye, babu wata ƙwayar cuta, sun tarar da C1q da C3 manne a kan mahaɗun da ƙwayoyin jijiya ke isar wa juna saƙo ta cikinsu.

Manomin Adar zai fahimci aikin da suke yi da wuri. Wanda ke sassabin zamani ba ya tumɓuke kututture, ba ya kuma barin duk tohon da ya fito. Yakan zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare saura, don waɗanda aka bari su zama itace. Jariri ma da mahaɗu fiye da buƙata yake tasowa. Waɗanda ake amfani da su su yi ƙarfi, waɗanda ba a amfani da su a yi musu alamar C1q da C3, wasu ƙwayoyin garkuwa mazauna ƙwaƙwalwa, maikurogiliya, su bi alamar su cinye su, daidai yadda fararen ƙwayoyin jini ke yi wa ƙwayar cuta. Ɓerayen da aka cire wa C1q sun girma da mahaɗu a cakuɗe. A ɗan Adam wannan aiki ba ya ƙarewa a goshin ƙwaƙwalwa sai an haura shekara ashirin.

A 2016 bincike uku suka fito kusan a jere. Na farko daga Bostan, na Aswin Sekar da Steven McCarroll tare da Stevens: sun duba ƙwayoyin gadon mutum kusan 65,000, suka ga waɗanda jikinsu ke ƙera wani nau'in C4 da ake kira C4A da yawa sun fi haɗarin sikizofireniya, taɓin hankalin nan da mutum ke jin muryoyi yana zargin kowa. Cutar a ƙarshen samartaka take bayyana, lokacin da saran mahaɗu ke kan ganiyarsa. Na biyu, na Soyon Hong a ɗakin binciken Stevens, ya nuna a ɓerayen da aka sa wa cutar mantuwa ta Alzaima C1q yana dawowa kan mahaɗu tun da wuri, in an toshe shi mahaɗun su tsira. Na uku, daga ɗakin binciken Robyn Klein a Sen Luwis, shi ya fi kusa da mu. Ɓerayen da suka warke daga cutar Yammacin Nilu, wadda sauro ke yaɗawa, sun kasa koyon hanya. Da aka duba, ƙwayoyin jijiyarsu suna nan da rai, mahaɗun ne aka cinye a sashen da ke riƙe tunani. Waɗanda ba su da C3 ba su yi wannan asara ba.

Kada a ɗora wa binciken nan kayan da ya fi ƙarfinsa. Akasarinsa a kan ɓeraye ne. C4A ƙara haɗari yake yi kaɗan, ba shi kaɗai ke kawo taɓin hankali ba, kuma yawancin mutanen da aka duba jinin Turawa ne. Amma duk malamin lakol da ya taɓa karɓar yaro bayan sanƙarau, yaron da da can shi ke gaba a aji yanzu kuma karatu ba ya zama, hannu da ƙafa lafiya, ji lafiya, zai so ya san ko irin abin da ya samu ɓerayen Sen Luwis ne ya same shi. A gida cewa ake yi iska ce ta taɓa shi, a kai shi wajen malam, a Adar kuma inda bori ke da tsohon tarihi wasu su nufi can. Ban ga laifin uwar da ta nemi bayani inda ta samu ba, tunda asibitin da ya sallame shi cewa ya yi ya warke. Tambayar ta cancanci a yi ta a Yamai da Sakkwato da Zariya, inda yaran suke, ba a jira masu binciken tsufan Turawa su waiwayo ba.

Magungunan toshe kwamfilimen kuwa sun riga sun shiga kasuwa. Ekulizumab, wanda ake sayarwa da sunan Soliris, yana toshe C5. An amince da shi a 2007 don wata cutar jini, a 2017 don cutar raunin tsoka, a 2019 don wata cuta mai cin jijiyar ido da laka. Kuɗinsa na shekara ya kai wajen dala 500,000, kusan miliyan 300 na sefa. Ko kyauta aka kawo shi Tawa sai an yi tunani, domin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta yana ninka haɗarin meningokok sau 1,000 zuwa 2,000, dole a yi wa mai shansa rigakafin sanƙarau tukuna. Wani sabon magani mai toshe C1q kuma an gwada shi a Bangaladash da Filifin a kan cutar Giyan-Bare mai shanye jiki, kamfaninsa ya sanar da kyakkyawan sakamako a 2024. Ko ba komai, wannan ya nuna ana iya yin irin gwajin a ƙasashen da ba masu arziki ba.

Allurar da ke nuna wa jini abokin gaba

Akwai hanyar amfani da kwamfilimen da ta riga ta yi aiki a Adar, ko da yake ba da wannan suna aka san ta ba. Allurar rigakafin sanƙarau ba ta kashe ƙwayar cuta. Antibodi take sa jiki ya ƙera, wanda zai manne wa rigar sukarin, C1q ya gan shi, zobe ya huda ƙwayar tun tana cikin jini, kafin ta kai inda faɗan zai zama ɓarna. Tun 1969 masu binciken sojan Amurka, Goldschneider da Gotschlich da Artenstein, suka nuna kuratan da ruwan jininsu ke kashe meningokok a kwalba ba sa kamuwa. Har yau da wannan gwaji ake auna ingancin allurar: a haɗa ruwan jinin wanda aka yi wa rigakafi da ƙwayar cutar da kwamfilimen, sau da yawa na jinin 'ya'yan zomo, a ga ko za ta mutu.

Da shi aka tabbatar da MenAfriVac, allurar rigakafin gidan A. Waɗanda suka ga annobar 1996 zuwa 1997, da ta kama mutum wajen 250,000 ta kashe 25,000 a zirin ƙasashen da likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya shata a 1963, sun san abin da gidan A ke yi. A 2009 ma ya kama fiye da 88,000 a ƙasashe 14. Cibiyar Serum ta Indiya ta ƙera allurar a kan kuɗin da bai kai rabin dala ba, aka bi Nijar da ita tsakanin 2010 da 2011, 'yan shekara 1 zuwa 29. Gidan A ya ɓace daga lissafi.

Ana murna sai ga wani. A 2013 wani sabon nau'in gidan C ya ɓulla a jihar Sakkwato, ya bazu zuwa Kabi. Binciken ƙwayoyin halittarsa ya nuna asalinsa mazaunin maƙogwaro ne mara cutarwa, ba shi da riga, sai ya samu ƙwayoyin gadon ƙera rigar daga wata 'yar uwarsa. Iyakar da Adarawa 'yan ci-rani ke ƙetarawa ta Ƙonni kullum ba ta tare ƙwayar cuta. A 2015 sabon nau'in ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, sama da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai. A 2017 ya kama fiye da 14,000 a Najeriya, Zamfara da Sakkwato kan gaba, a gefen Nijar kuma jihar Tawa na cikin inda aka yi rigakafin gaggawa. Sabuwar allura mai haɗa gida biyar, A da C da W da Y da X, ta samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023. Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi baya a shekarar.

Littattafan likitocin Tawa ma sun ba da tasu gudummawa. Halima Boubacar Maïnassara ta CERMES da abokan aikinta sun tattara rajistar ƙananan asibitocin jihohin Tawa da Tilaberi da Doso ta shekaru goma, suka nuna annoba ba ta kama gunduma gaba ɗaya lokaci guda. A ɗan yanki take tashi, kuma in ana sa ido a matakin ƙaramin asibiti an fi saurin tarar ta.

Rahoton da ake aikawa Yamai kowane mako yana ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce cikin masu sanƙarau na bakteriya ɗaya cikin shida na mutuwa, ɗaya cikin biyar kuma na tashi da lahani mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa, raunin tunani. A ganina wannan kaso na biyu shi ne babban bashin da ke kan masu tsara lafiya, don su ne suka ɗauki ɓarnar da kumburi ya yi, kuma su ne ba a bin sawunsu. Shirin hukumar na kawar da sanƙarau nan da 2030 ya sa kula da su cikin ginshiƙansa, ƙa'idojin farko da hukumar ta fitar a Afrilun 2025 kuma sun nemi a gwada jin wanda ya warke kafin a sallame shi, in bai yiwu ba cikin mako huɗu.

Gaggawar tana da dalili. Bayan kumburi ya lafa a kunnen ciki, wurin kan fara cikewa da tabo, tabon ya zama ƙashi cikin makonni ko 'yan watanni, daga nan ko dashen na'urar ji ma wuya yake yi. Dashen ya fi ƙarfin kusan kowane gida a Adar, amma gano kurumtar da wuri bai fi ƙarfin kowa ba. A tsaya bayan yaro inda ba ya gani, a kira sunansa a hankali, ta dama sannan ta hagu. In bai waiwayo ba, a koma da shi likita a nemi a tura shi inda ake awon ji, a gaya wa malaminsa ya dawo da shi layin gaba, a daina dukansa kan ba ya jin magana. In ƙarami ne da bai fara magana ba, a fara masa maganar hannu tun yanzu, kafin shekarun koyon harshe su wuce.